Ƙafar Usta Gwadabe da Ƙugiyoyinmu

Duk wanda ya saba sauka gaɓar Aljirif a Khartum da sassafe ya san inda Usta Gwadabe yake zama. Da an idar da asuba zai fito da jakar buhu a kafaɗa, ya ratsa ta tsakanin kaminonin da ake toya bulo, ya gangara rumfar Awadiyya mai shayi. Akwai wata 'yar kujerar igiya a gefen da ke kallon ruwa, ba mai hawanta sai shi. Awadiyya za ta miƙa masa shayi ba sukari, don likita ya hana shi tun shekaru bakwai da suka wuce, ko da yake na sha ganin ya zuba cokali guda in ta juya tana fifita gawayi. Sai ya shimfiɗa tsumma a cinya ya jera kayansa: filaya, magagari, guntayen waya, cokulan shayi da aka yanke wa mariƙi, da ƙugiyoyi a gwangwanin tumatir. Haka zai yi ta lanƙwasa da gogewa har rana ta hau kan bishiyoyin tsallake.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan kujerar nan ba kowa a kanta. Usta yana kwance a wani asibiti a Umdurman, ƙafarsa ta hagu ta yi baƙi har idon sawu, likitoci sun ce zuwa Alhamis za su san ko yatsu kawai za a cire ko ƙafar ce za ta tafi. Ran Litinin na fara wannan rubutu. Ni Ƙasimu ne, maƙerin inji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, mazaunin Alsawra, ba marubuci ba. Waɗanda suka san ni sun san ba na yabon mutum cikin sauƙi, na fi gwaninta wajen faɗa. Amma abin da na gani makon nan ya fi ƙarfin in riƙe shi a ciki.

Bari in fara da kifin, don wanda bai san shi ba ba zai gane haukanmu ba. Tsage muke kamawa, wanda mutanen nan ke ce wa kas. Ba don miya muke binsa ba, namansa duk ƙaya ne, matata ma ta hana in shigo mata da shi gida. Don faɗansa muke binsa. Haƙoransa a waje suke, na sama na shiga tsakanin na ƙasa, zaren fatsa kuwa ko kallo bai ishe shi ba. In ya kai wa koto sara sai ka ji kafaɗarka ta amsa, kafin ka ce bismillah ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai, ya tofo maka ƙugiyarka. Bakinsa ƙashi ne zalla. A sara goma in ka fito da biyu, ranar kai ne gwani. Saboda wannan ne kowace Juma'a za ka ga likitoci da 'yan kasuwa da masu kaki da irina mun yi layi a gaɓa tun hantsi bai ɗaga ba, manya da mu, muna ihu kamar yara.

Dukkanmu kuwa a hannun Usta muka koya. Shi ya nuna mana cewa tsakanin zare da ƙugiya sai an sa waya taƙi ɗaya da rabi, kuma ba kowace waya ba. Wayar birkin keke yake warwarewa sili-sili, ya ɗauki uku ya murɗe, ta yi taushin da koto zai yi rawa, ta yi ƙarfin da haƙori ba zai datse ba. Ni nake tara masa tsofaffin wayoyin daga garejin maƙwabtana. Cokalin shayi yake bugawa a kan guntun ƙarfen dogo har ya yi ɗan lanƙwasa, ya goge shi da tokar Awadiyya ya riƙa walƙiya a ruwa kamar ƙaramar karfasa mai rauni. Dalmar nauyi daga mataccen batirin mota yake narkawa. Ya koya mana jefawa inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, da sunkuyar da kan sanda in kifin ya yi tsalle, da cewa wanda ya sassauta zare ko na ƙiftawar ido ya yi sallama da kifinsa. Ɗaurinsa ma daban ne, murɗi bakwai sannan ya mayar da bakin wayar ciki, ko a duhu ka shafa ka san nasa ne.

Abu guda ne ya haɗa ni faɗa da shi shekara goma sha huɗu. Usta ba ya ɗaura ƙugiya mai baki uku, sai mai baki ɗaya, kuma ita ma sai ya sa magagari ya goge mata kunne tas, wato ɗan ƙayar nan da ke hana ta fita in ta shiga. Ka ji fa! Kifin da da kunnen ma tofarwa yake yi. Mun roƙe shi, mun zage shi, wani mai anini a kafaɗa har barazana ya yi masa cewa zai sa a hana jirginsa sauka ruwa. Usta ya ce masa jirgin ga shi nan, amma kunne dai ba zai bari ba. In ka tambaye shi dalili sai ya ce gwani ba ya buƙatar kunne, ya ci gaba da gugarsa.

Shekaru shida da suka wuce na sari tsagen da ban taɓa ganin irinsa ba, a jirgin Usta, ƙasa da kaminar Ilyasu. Kusan rabin awa muna kokawa. Na jawo shi har gefen jirgi, na ga idonsa, na ga jan wutsiyarsa, sai ya girgiza kai sau ɗaya ƙugiyar ta zare kamar daga cikin man shanu. Abin da na faɗa wa dattijon nan ranar, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyu, ba zan maimaita a takarda ba. Wata huɗu ban gaishe shi ba. Da muka shirya na ci gaba da karɓar waya da cokali a wurinsa, amma na daina shiga jirginsa. Ɗan ƙanwata da ke aiki a Jidda ya aiko mini da kwalaye na ƙugiyoyi masu baki uku, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, kowace da ɗan jan dutsen ado a wuya. Sai in koma bayan duwatsu in cire ta Usta in ɗaura tawa. Na kama kifi, ba ƙarya. Na kuma bar su da yawa a ruwa, don tsage in bai datse waya ba yakan ja zare ya goga a dutse ya tsinke. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ina suke zuwa ba.

Akwai kuma wani abu da dukkanmu muke gani kowace shekara muna dariya. Da ambaliya ta janye ta bar sabuwar laka a gaɓa, kafin masu bulo su fara yanka, Usta yakan ajiye jirgi mako uku cur, a daidai lokacin da kifi ya fi ci. Sai mu hango shi can nesa, wando a naɗe, laka har gwiwa, yana tafiya a hankali yana jan igiya a baya. Muka yanke cewa dalmar da ta ɓace yake tsinta don kada ya sayi sabuwa. Ni na raɗa masa suna Mai Tsintar Dalma, sunan kuma ya bi shi. Yakan yi murmushi in ya ji.

Juma'ar da ta wuce, bayan na yi fashin mako guda, na sauko na tarar da kujera ba kowa. Na ce wa Awadiyya ta zubo shayi, ta yi kamar ba ta ji ba. Matar da shekara ashirin nake shan shayinta, wadda sau uku ana kasha, wato samamen 'yan sanda, a kwashe mata kujeru da butoci muna haɗa mata wasu. Na sake magana, sai ta miƙe ta ce in biyo ta. A bayan rumfar, ƙarƙashin wani tsohon buhu, akwai garwa biyar na man girki. Ta buɗe ta farko. Ƙugiyoyi ne cike har baki, masu tsatsa, masu baki uku, da guntayen waya, da cokula, sun cure wuri guda. Ta buɗe ta biyu, haka. Har ta biyar.

"Ga dalmar da kuke cewa yana tsinta," in ji ta. "Ya Ƙasimu, kun san da me ake kwaɓa lakar bulo? Da ƙafa. Ƙafar mutane, ba takalmi."

A nan tsaye ta ba ni labarin Dogo. A shekara ta biyu da hawan sojoji akwai wani saurayi cikin masu kwaɓa laka, daga yamma ya zo, ba wanda ya iya faɗin sunansa daidai sai aka bar shi da Dogo saboda tsawonsa. Wata rana yana tattaka laka da aka gauraya da kashin dabbobi, kamar yadda ake yi, sai ya taka ƙugiya mai baki uku, biyu suka nutse a tafin ƙafarsa. Asibiti kuwa ya ƙi zuwa, don lokacin ana tare motoci ana kwashe samari zuwa bautar soja, shi kuma ba takarda. Aka kira Usta saboda yana da filaya. Kunnen ya hana ƙugiyar fita, sai da aka yanka naman aka zaro ta, Awadiyya ce ta tafasa ruwan. Da Usta ya wanke abin ya duba, sai ya ga murɗi bakwai da bakin waya a mayar ciki. Aikin hannunsa ne. Bayan kwana tara haƙoran Dogo suka datse, bayansa ya sandare, ya rasu a cikin rumfar masu bulo, Usta yana riƙe da kansa.

Tun daga shekarar, in ji Awadiyya, bai ƙara ɗaura ƙugiya mai kunne ba, don marar kunne in ta shiga ƙafa zarewa ake yi a wanke. Kuma tun daga shekarar yake bin lakar gaɓa kafin a fara yanka, daga saman kaminoni har ƙasa. Igiyar da yake ja mayen ƙarfe ne na tsohuwar lasifika a ɗaure a bakinta, yana kwashe duk abin da yake baƙin ƙarfe. Na tambaye ta to me ya sa yake shiga ba takalmi, mutum mai ciwon sukari. Ta dube ni wani irin kallo. Ta ce da can yana sa takalmin roba, sai 'yan shekarun nan aka fara samun waɗansu fararen ƙugiyoyi da mayen ƙarfe ba ya kamawa. Su ba abin da ke gano su sai tafin ƙafa.

Ban san yadda na hau mota na tsallaka gada ba. Na tarar da shi a gado na ƙarshe kusa da taga, 'yarsa Ni'mat tana masa fifita. Ya rame, amma da ya gan ni sai ya fara tsokana, wai ko na zo karɓar waya ne, ya rufe shago. Ni idona yana kan ƙafarsa ta dama, mai lafiyar, da ta leƙo daga mayafi. Jama'a, shekara ashirin ina zama da mutumin nan ban taɓa ganin tafin ƙafarsa ba. Babu wurin da za ka ɗora yatsa ba ka taɓa tabo ba. Wani ya warke ya yi fari, wani ya lotsa, wani a kan wani. Ta hagun tana naɗe, warinta kuma ya cika wajen.

Ni'mat ta ce ciwon sukarin ya kashe masa jin ƙafa, shi ya sa wannan karon bai ji shigarta ba. Kwana biyu yana yawo da ita a cikin nama, yana komawa lakar, sai da mahaifiyarta ta ga jini a tabarmar salla. Da na fito ta biyo ni baranda. Yarinyar da a gabana aka yi sunanta, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba sai ranar. Ta kira ni Ammi, wato baffa, ta ce, "Ammi Ƙasimu, Baba ya ce in jefar, ya ce kada kowa ya gani. Ni ban iya ba." Ta sa mini wani ƙullin auduga a hannu ta koma ciki.

Na kwance. Farar ƙugiya ce mai baki uku, da ɗan jan dutse a wuyanta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A duk gaɓar Aljirif ba mai irinta sai ni. Na zauna a ƙasan barandar nan mutane suna tsallake ni. Ni da nake kawo masa waya, ni da nake kiransa Usta, wato malamina, ni na raɗa masa sunan tsiya, kuma don fararen ƙugiyoyina ya cire takalmi. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mini. Shekaru da dama da suka wuce, wata Juma'a a rumfar shayi, ya taɓa cewa da za mu ba shi rana ɗaya a shekara mu zo da manjagara mu taya shi share gaɓa, da an gama kafin azahar. Muka tambaye shi ko gwamnati ta naɗa shi shugaban shara ne. Ni na fi kowa dariya. Bai sake tayar da maganar ba.

Na koma ciki da abin a hannuna. Ya gani, ya harari Ni'mat, sannan ya ce in zauna. Na ce masa tun yaushe ya sani. Ya ce tun shekarar farko, ai wayar tasa ce, ƙugiyar ce kawai baƙuwa. Na ce to don Allah me ya hana ya kama ni ya zage ni a gaban jama'a, ya gaya mini labarin Dogo.

"Da wane baki?" in ji shi. "Tawa ta kashe mutum, Ƙasimu. Taka ƙafa kawai ta nema."

Na yi kuka a gaban 'yarsa, ban ji kunya ba. Shi kuwa sai cewa yake ma'alesh, ma'alesh, wato in yi haƙuri, kamar ni ne a kwance.

Usta, yanzu da kai nake. Kai ne ka koya wa rabin masu fatsar Khartum yadda ake murɗa waya, ba ka taɓa ɓoye wa kowa sirrin sana'arka ba, sai wannan guda da ya kamata ka faɗa. Ina jin haushinka a kan haka, kuma zan ci gaba da ji. Kai ne ka ɗauki mutuwar saurayin da ko sunansa ba a riƙe ba, ka mai da ita aikin shekara goma sha huɗu, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya gode maka. Kai ne ka bar jirgi a bakin gaɓa a makonnin da kowa ke cika kwando. Ilyasu mai kamina ya gaya mini jiya cewa a wajensu tun bayan Dogo ba a sake yanka ƙafar kowa don ciro ƙugiya ba, alhali a kaminonin tsallake kusan duk shekara sai an yi. Ya ce shi da ya ɗauka sa'a ce. Ɗaruruwan mutane sun kwaɓa lakar nan sun koma garuruwansu da ƙafafunsu, ba su san sunanka ba. Gwadabe na Aljirif, mai taka laka kafin kowa ya taka. Allah ya saka maka, mu ba mu da abin biya.

Yau Alhamis. Yanzu na dawo daga asibitin. Sun yanke ta, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Ina wurin ya farfaɗo bayan la'asar. Ya dubi mayafin inda ya kwanta ba komai a ƙarƙashinsa, ya daɗe yana kallo, ya ce alhamdulillahi. Na zaci zai yi maganar jirgi, ko wanda zai riƙe gidan. Sai ya kama hannun rigata ya ce daga kaminar Ilyasu zuwa gindin gawon nan na ƙasa bai kai ga takawa ba, kuma ran Asabar ta sama za a fara yanka laka. Ya ce igiya da mayen ƙarfen suna wurin Awadiyya. Ya ce in sa takalmi.

To ku masu fatsar Juma'a, ku nake kira, likitanku da ɗan kasuwarku da mai kakinku, duk wanda ya taɓa jefa cokalin Usta a ruwan nan. Na ƙera manjagara goma sha biyu masu haƙora kusa-kusa a shagona, abin da mayen ƙarfe ya bari su za su tsefe shi. Mutum ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa ya yi da ƙafarsa. Mu ashirin za mu gama kafin azahar, kamar yadda ya faɗa mana tun tuni. Gobe bayan asuba a rumfar Awadiyya, kowa ya zo da takalmin roba da akwatin ƙugiyoyinsa, magagarin Usta yana hannuna, ba mai sauka ruwa da kunne. Wanda ya ce kifi zai riƙa kuɓuce masa, ya zo in kai shi gado na ƙarshe kusa da taga ya faɗa da bakinsa.

Sauran kwalayen Jidda na narkar da su jiya. Guda ɗaya na bari, wadda Ni'mat ta ba ni, na rataye ta a jikin sandar fatsata inda hannuna yake kamawa. Awadiyya ta ce ba mai hawa kujerar nan har sai ya dawo da sandunansa ya zauna. Shayi kuwa har yanzu ba ta zuba mini ba, ta ce sai mun kai gindin gawo.